Kyamara marar madubi don aikin bidiyo a Yamai: tambayoyi da amsoshi a kan inganci da kuɗi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu ɗaukar bidiyon biki, ƴan jarida masu zaman kansu, ɗalibai da masu shirya gajerun finafinai a Yamai, musamman waɗanda suka tara kuɗi suna son sayen kyamara ta farko ko sauya wadda suke da ita. Farashin da aka ambata na lokacin da kowace kyamara ta fito ne a kasuwar Amurka, gangar jiki kawai ba tare da objektif ba, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba. An kawo shi ne don a gane tazarar da ke tsakaninsu, ba don shi za a tarar a shago ba.

Mece ce kyamara marar madubi, kuma me ya raba ta da tsohuwar kyamara?

Tsohuwar kyamara ta ƙwararru, wadda ake kira DSLR, tana da madubi a cikinta wanda yake karkatar da haske zuwa ƴar tagar da mai ɗauka yake leƙawa. Idan za a ɗauki hoto sai madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa a kan sensa, wato farantin da ke mai da haske hoto. Wajen bidiyo kuwa dole madubin ya zauna a ɗage tun daga farko har ƙarshe, ke nan babu abin da yake ƙarawa sai nauyi. Marar madubi ta cire shi gaba ɗaya, abin da sensa ta gani shi ake gani a allo, da haskensa da launinsa, tun kafin a danna maɓalli.

Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008 da Lumix G1. A yau Sony, Canon, Nikon da Fujifilm duk a kanta suka tattara ƙarfinsu, kusan duk wani sabon objektif da yake fitowa nata ne. Wanda zai fara sana'a yanzu ba shi da dalilin zuba jari a DSLR, sai dai idan ya same ta da araha ƙwarai.

Tunda wayoyin yanzu suna ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsabta ƙwarai, me zai sa a kashe kuɗi a kan kyamara?

Da rana a waje, wayar kirki tana ba da hoton da zai ishi Facebook da TikTok, wanda kuma wannan ne kawai buƙatarsa gara ya riƙe kuɗinsa. Bambancin yana fitowa ne idan rana ta faɗi, ko a cikin ɗakin da hasken bai isa ba, domin sensar waya ƙarama ce ƙwarai, sai hoto ya cika da tsaki-tsaki. Yana kuma fitowa idan ana son jawo fuskar mai jawabi daga ƙarshen zaure, ko ɗaukar taro na awa biyu ba tsayawa, ko jona makirfo na kirki. Akwai kuma abin da ba na fasaha ba: mai biki da ya biya kuɗi ba ya son ganin an zo masa da waya.

Girman sensa nawa ne, kuma dole ne sai babba?

Girma uku ake samu. Babbar sensa, wadda ake kira cikakken firam, tsawonta milimita 36 ne faɗinta 24, ita ce a cikin Sony A7, Canon R6 da R8, da Lumix S5. Matsakaiciya, APS-C, kusan milimita 23 da rabi ce da 15 da rabi (ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta), ita ce a cikin Sony A6400, ZV-E10, A6700, FX30, Canon R50 da R7, da Fujifilm X-S20. Ƙarama, Micro 4/3, milimita 17 ce da 13, ita ce ta Lumix GH5 da ƴan'uwanta.

Babbar sensa tana tara haske da yawa, don haka ta fi tsabta da dare, ta kuma fi iya dusashe bayan mutum ya fito shi kaɗai. Amma objektif nata ya fi tsada da nauyi, fokas kuma, wato saita objektif don abin da ake ɗauka ya fito tangaran, ya fi saurin kucewa. Ga mafi yawan aikin da ake yi a Yamai, wato biki, suna, wa'azi, hira da tarukan ƙungiyoyi, APS-C da objektif mai haske ta wadatar, kuɗin da ya saura kuma ya fi amfani a wajen sauti da fitila. Wanda aikinsa na dare ne ya duba amsar da ta yi magana a kan ƙarancin haske.

Lallai ne a ɗauka da 4K ko 1080 ta isa?

Yawancin bidiyon da ake yi a nan a WhatsApp, Facebook ko ma'ajin USB suke ƙarewa, WhatsApp kuwa yana matse bidiyo har bambancin 4K da 1080 ya ɓace. Amfanin 4K na gaskiya a wajen montaj yake, wato yanka da haɗa bidiyo a kwamfuta: firam ɗinta ya ninka na 1080 sau huɗu, don haka ana iya yanko fuskar mai magana daga cikin faffaɗan hoto kamar an yi aiki da kyamara biyu. Illarta kuma tana cinye kati, tana nauyaya kwamfuta, tana kuma sa kyamara zafi. Masu gogewa sukan ɗauki hira da talla da 4K, dogon taro kuma da 1080. Maganar 6K da 8K ba ta da wata fa'ida ga mai aikin biki, in ban da abu ɗaya: Lumix S5 II da Fujifilm X-S20 suna iya ɗauka da dukan faɗin sensa, sai a fitar da na kwance don YouTube da na tsaye don TikTok daga ɗauka guda.

Mene ne bit 8 da bit 10, kuma mene ne Log?

Wannan ya fi lambar K muhimmanci. Bit 8 yana raba kowane launi mataki 256 daga duhu zuwa haske, bit 10 kuma mataki 1024. Idan ba za a taɓa launin bidiyo ba bayan ɗauka, ido ba zai ga bambanci sosai ba. Amma da zarar an fara gyara, a ƙara haske nan a rage can, sai bit 8 ya fara tsagewa, a ga layi-layi a sararin sama ko a bango.

A ƙasarmu matsalar tana da tsanani, domin sau da yawa ana ɗaukar mutum baƙi sanye da farar shadda a tsakiyar rana. Idan aka daidaita haske a kan fuska shadda ta ƙone ta zama fari fat ba a ganin aikin zare, idan aka daidaita a kan shadda fuska ta nutse. Tsarin Log, wanda Sony ke kira S-Log3, Panasonic V-Log, Canon kuma C-Log3, yana adana duhu da haske duka, hoton ya fito dishi-dishi, daga baya a dawo masa da launi a kwamfuta. Log a kan bit 8 wahala ce kawai, a kan bit 10 yake nuna amfaninsa. A7 III, A6400 da ZV-E10 na farko bit 8 suke ɗauka. GH5, A6700, FX30, A7 IV, S5 II, R6 Mark II da X-S20 suna da bit 10 a cikin kati. Sai dai wanda ake jira ya miƙa bidiyon biki gobe da safe ba shi da lokacin gyaran Log, gara ya koyi juya mutane su ba rana gefe, ya kuma kunna alamar zebra da ke nuna inda fari ya fara ƙonewa.

Gaskiya ne waɗannan kyamarori suna mutuwa saboda zafi?

Gaskiya ne, kuma ga mazaunin Yamai ko Tawa babu tambayar da ta kai wannan. Littafin kusan kowace kyamara yana cewa a yi aiki da ita a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, a nan kuwa cikin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yakan haura haka, ballantana baƙar kyamara da aka kafa a rana ko ƙarƙashin rumfar kwano. Ƴan Turai da Amurka da suke gwada kyamarori a YouTube galibi a ɗaki mai sanyi suke yi, don haka idan suka ce ta yi awa ɗaya ba ta yi zafi ba, wannan ba shaida ba ce a wurinmu. Canon R5 da R6 na farko, waɗanda suka fito a 2020, sun yi suna da wannan matsala, kodayake sabunta manhajarsu ya rage ta. Ƙananan kyamarori masu siririn jiki kamar A6700, R8 da ZV-E10 II su ma suna saurin ɗaukar zafi idan ana 4K mai hotuna 50 a sakan.

Waɗanda suka fi jure wa zafi su ne masu fanka a ciki: Sony FX30 da FX3, Lumix S5 II, GH6 da GH7. GH5 ba ta da fanka, amma jikinta babba ne sensarta ƙarama, an kuma san ta da doguwar ɗauka ba tsayawa. Fujifilm tana sayar da ƴar fanka daban da ake ɗaurawa a bayan X-S20 da X-H2S. A ganina fanka ta fi kowace lamba da aka rubuta a jikin kwali daraja, domin ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa, liman ba zai sake fatiha ba don kyamara ta huce.

Wanda ya riga ya mallaki marar fanka yana da dabaru. A Sony akwai saitin da ke ƙayyade zafin da kyamara za ta kashe kanta, a mai da shi sama. A janye allo daga jikin kyamara, a sa mata laima ko farin ƙyalle, a kashe ta tsakanin jawabai, a koma 1080 idan taron zai daɗe, a kuma ba ta wuta daga waje domin batir na ciki ma yana ƙara zafi. Kada a bar ta cikin mota a rufe.

Me ya sa wasu suke tsayawa bayan minti 30, kuma yaya batun batir?

Wannan iyaka ba ta zafi ba ce, ta haraji ce. A da Tarayyar Turai tana ɗora kuɗin duwan a kan na'urar da ke ɗaukar bidiyo na minti 30 ko fiye, sai kamfanoni suka sa kyamarorinsu su tsaya a minti 29 da sakan 59. An daina wannan haraji, amma tsofaffin kyamarori kamar A7 III, Canon M50 da R6 na farko suna nan da iyakarsu. GH5, A6400, ZV-E10 da sababbin Sony da Lumix ba su da ita. Ga mai ɗaukar tafsiri ko taron bita, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Batir kuwa, ƙaramin NP-FW50 na A6400 da ZV-E10 da kuma LP-E17 na Canon R50 da R8 ba sa daɗewa, a tanadi uku ko huɗu. NP-FZ100 na A7 III, A7 IV, A6700 da FX30 ya fi su nesa ba kusa ba. Tunda wuta tana yawan ɗaukewa lokacin zafi, babban abin adana caji da ake jonawa ta USB ya zama wajibi. A lura GH5 ta farko ba ta karɓar wuta ta USB, sai an saya mata batirin bogi mai waya.

Wane kamfani ne ya fi otofokas?

Sony da Canon ne a gaba. Suna kama idon mutum su bi shi ko yana tafiya, wannan kuwa babban sauƙi ne ga wanda yake aiki shi kaɗai da gimbal, wato marikin da ke hana kyamara girgiza, a cikin cunkoson biki. Panasonic ta daɗe tana amfani da wani tsari da yake sa fokas ya riƙa kai da komowa a bidiyo, shi ne babban aibin GH5, GH6 da S5 ta farko. Sai a 2023 da S5 II ta koma irin tsarin da sauran ke amfani da shi. Canon M50 tana da otofokas mai kyau a 1080, amma a 4K tana rasa shi, tana kuma yanke hoto sosai, wato da tsakiyar sensa kawai take ɗauka, gefen hoto ya tafi. Ko da wacce aka saya, a cikin duhu ko idan mayafi ya rufe rabin fuska kowace kyamara tana iya ruɗewa, don haka koyon fokas da hannu bai tsufa ba.

Yaya za a magance girgiza, kuma me ya sa hoto yake lanƙwasa idan an juya da sauri?

Wasu kyamarori suna da sensa mai motsi da ke shanye rawar hannu, a nan Lumix ce gwana, GH5 da S5 II suna ba da hoton da ya natsu ko ba gimbal. A6400, ZV-E10, R50 da R8 ba su da wannan, sun dogara da objektif mai hana girgiza ko yankan hoto. Lanƙwasar kuwa daga yadda sensa ke karanta hoto layi bayan layi take, idan ta yi jinkiri sai a ga turakun wuta sun karkace. A6400 da ZV-E10 suna fama da wannan a 4K, yana raguwa a 1080. Mai ɗaukar kokowa, sukuwar dawaki ko ƙwallo ya kula da wannan sosai, mai ɗaukar hira a kan ƙafa uku kuwa ba ruwansa.

Ga mai ƙaramin jari, wacce ta fi dacewa?

Uku ake yawan kwatantawa. Sony ZV-E10 ta 2021 ta fito a kan dalar Amurka 699, tana da otofokas mai kyau, wurin jona makirfo da na abin saurare na kunne, ba ta da iyakar minti 30, objektif nata kuma yana da yawa a kasuwa. Ba ta da tagar leƙawa, allonta kuma yana wuyar gani a tsakar rana. Canon R50 ta 2023, a kan dala 679, tana ba da launin fata mai daɗi ba tare da gyara ba, amma ba ta da wurin abin saurare na kunne, ke nan ba a jin sautin da ake ɗauka. Ta uku ita ce GH5 ta hannu. Ta fito a 2017 a kan dala 1999, yanzu farashinta ya faɗi ƙwarai, ga bit 10, ga 4K mai hotuna 50, ga ramin kati biyu, ga jiki mai jure ƙura.

Wanda zai riƙa ɗaukar kansa ko yawo cikin jama'a ya ɗauki ZV-E10. Wanda aikinsa kafa kyamara ne a gaban mai wa'azi ko mai lacca, ya kuma iya fokas da hannu, GH5 ta fi masa riba. M50 kuwa, duk da yawanta a hannun dillalai, Canon ta daina tsarin objektif ɗinta na EF-M, mai sayenta ya san ba za a ƙera mata sabo ba. Araha ba ta ado.

Ga mai aikin kuɗi kullum, tsakanin FX30, A6700, S5 II, A7 IV da R6 Mark II, wacce za a zaɓa?

A6700 da FX30 sensa iri ɗaya suke da ita mai megapiksel 26, hotonsu kusan ɗaya ne. A6700 ta fito a kan dala 1399, FX30 kuma 1799. Wannan ƙarin dala 400 shi ne kuɗin fanka, ramin kati na biyu da babban ramin HDMI mai ƙwari. Ga mai bidiyo zalla a wannan yanayi namu, ƙarin ya cancanta. Sai dai FX30 ba ta da tagar leƙawa, ba kuma ita ce ta dace da mai haɗa bidiyo da hoton biki da filasha ba.

Lumix S5 II, a kan dala 1999, ita ce ta haɗa babbar sensa, fanka, kati biyu da hana girgiza mai ƙarfi a farashi mafi sauƙi. Rauninta shi ne tana yanke hoto a 4K mai hotuna 50, objektif nata na tsarin L kuma bai yawaita a yankinmu ba, ba a cika samun na aro ko na haya ba. A7 IV ta 2021 da R6 Mark II ta 2022 duk sun fito a kan dala 2499, su ne suka dace da wanda rabin aikinsa hoto ne rabi bidiyo. R6 Mark II tana 4K mai hotuna 50 ba yanka, A7 IV kuwa tana yankawa, dukansu kuma ba su da fanka. Wanda yake da tsofaffin objektif na Canon EF zai iya ɗaura su a kan R6 da adafta su yi aiki lafiya, wannan kaɗai yana iya rage masa rabin kashe kuɗi. Masu Nikon su ma suna da Z6 III ta 2024 a wannan farashi.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya don bidiyon biki da taruka a Yamai, tsakanin FX30 da S5 II zan tsaya, abin da zai yanke hukunci kuma shi ne irin objektif da abokan aikin mutum suke amfani da shi.

Bikin dare fa, wacce ta fi gani a duhu?

Sony A7S III ta 2020 da FX3 ta 2021 ne suka yi fice, sensarsu babba ce mai megapiksel 12 kacal, amma farashinsu dala 3499 da 3899 ne. Kafin a kai nan akwai hanya mai sauƙi. Objektif ɗin da ake haɗawa da kyamara a kwali yakan rufe zuwa f/5.6 idan an jawo (lambar f tana nuna buɗewar objektif, ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa), mai f/2.8 kuwa yana shigar da haske ninki huɗu na wannan, mai f/1.4 kuma ninki 16. Ƙara da fitilar LED guda biyu masu batir, sai ƙaramar kyamara ta yi abin da babba ba za ta yi ba da objektif mai duhu.

Wane objektif ya kamata a fara da shi?

Ga APS-C, Sigma 18-50 f/2.8 ko Tamron 17-70 f/2.8 suna ɗaukar kusan dukan aikin yini, na Tamron kuma yana da hana girgiza, abin da ke taimaka wa ZV-E10. Ga babbar sensa ta Sony, Tamron 28-75 f/2.8. Ga GH5, Lumix 12-35 f/2.8. Bayan haka a ƙara guda ɗaya marar zum mai f/1.8 ko f/1.4 don hira da dare. Sony ta buɗe wa sauran kamfanoni ƙofa tun da wuri, shi ya sa nata suka fi yawa da araha, Canon kuwa sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara fito mata da na APS-C. Kada a manta da gilashin ND mai rage haske, domin a ranar Yamai in babu shi ba za a iya bin ƙa'idar da ke cikin amsa ta gaba ba.

Me ya sa hoto yake ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila, kuma hotuna nawa za a sa a sakan?

Wutar lantarkin Nijar tana bugawa sau 50 a sakan, ta Amurka kuma sau 60. Kyamarar da aka kawo daga Amurka takan zo a saitin NTSC mai hotuna 30 ko 60, sai ta saɓa da fitilunmu, a ga layi yana yawo. A mai da ita PAL, a ɗauka da hotuna 25 da shata 1/50, wato kowane hoto ya sha haske na kashi ɗaya cikin 50 na sakan, ko hotuna 50 da shata 1/100 idan za a rage saurin motsi a montaj. Idan wurin da gurup yake aiki, bugun wutar ba ya tsayawa daidai, don haka a gwada a duba allo kafin baƙi su zauna.

Wane kati da wace kwamfuta ake buƙata?

4K mai megabit 100 a sakan tana cin kusan gigabait 45 a awa, ke nan katin 128 bai kai awa uku cif ba. Alamar V30 a jikin kati tana nufin yana rubuta megabait 30 a sakan, wanda ya ishi wannan. Tsarukan da suka fi nauyi suna neman V60 ko V90, masu tsada. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa, yakan nuna girman da ba shi da shi, don haka a cika sabon kati da fayil a kwamfuta a tabbatar kafin a je aiki da shi. Fa'idar ramin kati biyu da aka ambata a sama ita ce ana rubuta bidiyo a wuri biyu lokaci guda.

Bit 10 a tsarin matse bidiyo na H.265 yana gurgunta tsohuwar kwamfuta. Maganinsa a yi ƙananan kwafi masu sauƙi a yi montaj da su, a ƙarshe manhaja ta koma kan na asali. DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta, shi da Premiere duk suna yin haka. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya sa kuɗinta cikin lissafi tun kafin ya sayi kyamara.

Makirfon jikin kyamara bai isa ba?

Bai isa ba, ko a wace kyamara. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni, amma ba ya haƙuri da muryar da iska ko ƙarar gurup ta danne. A nemi makirfo marar waya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin na Rode ko DJI, da gashinsa na tare iska. A wurin taro kuma a jona ƙaramin rikoda kamar Zoom H1n a na'urar mai lasifika.

Yaya ake kare ta daga ƙurar hunturu?

Tunda babu madubi, da an cire objektif sensa tana fili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ko'ina, ɗigo ɗaya a kan sensa kuma zai bayyana a kowane firam na bidiyo, cire shi a montaj aiki ne mai cin rai. Kada a sauya objektif a waje, wannan ma wani dalili ne na zaɓen zum guda. Idan ya zama dole, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi sauri. A busa da famfon roba na hannu, ba da baki ba, ba kuma da gefen riga ba. R6 da A7 IV suna iya rufe labulen shata idan an kashe su, yana taimakawa kaɗan.

A ina ake saye, kuma me za a duba a kyamarar okaziyo?

Yawancin kyamarorin da ke hannun mutane a Yamai saƙo aka yi daga Faransa, Dubai ko Sin, wasu kuma daga Kano ko Lome. Lissafin na Turai ya fi sauƙi domin Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan Sefa 656, ke nan kyamarar yuro 1000 ta kama jaka 656 kafin kuɗin kawowa da na duwan. Garantin da aka bayar a wata ƙasa da wuya ya yi amfani a nan, gyara mai zurfi kuma yakan sa a tura ta waje, shi ya sa sayen wadda mutum ya riƙe a hannu ya gwada ya fi kwanciyar hankali, ko da ta ɗan fi tsada. A raba kuɗin tun farko: idan gangar jiki ta cinye fiye da rabin jari, babu abin da zai saura na objektif, kati, batir, makirfo da fitila.

Dillalai sukan nuna adadin bugun shata a matsayin shaidar ƙuruciyar kyamara, amma wannan na hoto ne, kyamarar da ta yi shekaru tana bidiyo za ta iya nuna adadi kaɗan. A zo da kati da batir, a ɗauki 4K na minti 20 ko 30 a ga ko alamar zafi za ta fito. A rufe objektif zuwa f/16 a ɗauki farin bango don ganin ƙura ko tabo a sensa, sannan a rufe murfi a ɗauki duhu don ganin ɗigon ja ko fari da ba ya motsi. A jona makirfo, abin saurare da HDMI a girgiza wayar a hankali, domin waɗannan ramuka ne suke fara lalacewa a hannun masu bidiyo. A gwada kowane maɓalli da kowane ramin kati, a tabbatar ana iya sauya harshen menu zuwa Faransanci ko Ingilishi tunda wasu na kasuwar Japan ba sa yarda, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara da sunan mai sayarwa.